Tantanin da Inna Ta Hura

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kowa ya faɗi haka a ƙofar gidanmu, ni ma na faɗa, kuma gaskiya ne. Maganganun da suka biyo baya su ne suka dame ni.

Ranar da aka kai Baba, mahaifin maigidana, makwancinsa, sai da aka aro tabarmi a maƙwabta. Mahautan Garwa sun zo, manya da ƙanana, cikin manyan riguna, turare ya danne ƙarnin kasuwa. Ina bayan zana ina cika butoci, kunnena yana waje. Wani ya ce, "Allahu akbar, mutum marar abokin faɗa." Wani ya karɓe, "Wallahi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Na ce a raina, to ba tsohonmu kuka binne ba ke nan. Baba mafaɗaci ne, duk unguwa ta sani. In kuwa ya mutu ba shi da abokin faɗa, don kun daina zuwa ne, ya rasa wanda zai yi da shi.

Sarkin Fawa ya aiko da cinyar bijimi. Inna, uwar maigidana, ta dube ta sau ɗaya ta ce, "A dafa wa baƙi. Ni kada a zuba min."

Cikin masu gaisuwa akwai wata maƙwabciyarmu Bafulatana da ba ta daɗe da tarewa ba. Ta riƙe hannuna ta yi min ta'aziyya da Fulatanci, sannan ta rage murya ta ce, "Shi tsohon nan, wane aiki ya yi a duniya?" Ba da mugunta ta tambaya ba. Tun da ta zo ba ta taɓa ganinsa yana komai ba sai zama a gindin katanga. Amma tambayar ta soke ni. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba har an fara mantawa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da abin da na ji, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Baba mai tantani ne. Fatar nan siririya da ake ɗaura wa kalangu baki biyu, ita ce aikinsa tun yana saurayi, shi ma wajen mahaifinsa ya gada. A garin nan kuwa, in nama ya iso kasuwa daga abatuwa da safe, kalangu ne ke sanar da gari. Gidanmu ba nisa da rumfunan mahauta, muna ji sarai. Shekara da shekaru duk muryar da ta ce wa Garwa nama ya sauka, daga zauren gidan nan ta fita.

Fatar ɗan akuya yake saye ɗanya. A jiƙa ta da toka, a cire gashi, sannan ya zauna da wuƙarsa yana kankarewa har sai in ka ɗaga ta kana ganin inuwar yatsunka ta baya. Warin kuwa ba a magana. Farkon zuwana gidan har amai na yi. Ya ji ni daga zaure ya ce, "Amarya, yi haƙuri. Wannan warin shi ya biya sadakinki." Amarya yake ce min har na aurar da 'yata ta fari.

Kankarar fata kam akwai masu yi a wasu garuruwa. Abin da ya raba shi da su shi ne ba ya sakin fata sai ya gwada ta. Shi ba gwaji yake cewa ba. "Bari mu tambaye ta," haka yake faɗa.

Tambayar iri biyu ce. Ta farko, ya yanki siririn zare daga gefen fatar, kamar faɗin ɗan yatsa, ya rataya a azarar zaure, ya ɗaura masa ragaya da ƙwarya a ƙasa. Sai ya riƙa zuba yashin Binuwai a ƙwaryar, tafi bayan tafi, yana kallon yadda zaren ke miƙewa, har ya tsinke ƙwarya ta faɗi. Yawan yashin shi ke gaya masa dukan da fatar za ta iya sha.

Ta biyu ita ce babba. Yana da wata tukunya mai faɗin baki da aka huda wa ciki, ya liƙa bututun gora a hudar da kakin zuma. Sai ya yayyafa wa fatar ruwa, ya ɗaure ta tam a bakin tukunyar, ya kafa baki a bututun ya hura. Fatar ta taso kamar kumatun mai busa. Ya toshe da babban yatsa, ya kwantar da kai daidai da bakin tukunya yana hango ta ta gefe. In ta taso ta karkace, akwai inda wuƙa ta ci da yawa. In ta sauka da kanta, akwai hudar da ido bai gani ba. In ya saki yatsa ta ƙi komawa yadda take, sai ya ce, "Wannan raguwa ce, za ta yi murya kwana kaɗan ta koma kukan kwaɗo." Ya cire ya jefar. Inna ta yi ta mita a kan fatun da yake zubarwa.

"Malam, wannan me ta yi maka?"

"Ƙarya ta yi min."

"To ba ni in rufe tulu da maƙaryaciyar, tunda kai kuɗinka a bishiya suke fitowa."

Ba shi da sauƙi, kada in ɓoye. Ya taɓa korar wani makaɗi daga zaure don ya ce a ba shi fata haka nan, sauri yake yi. Da maigidana ya sami aiki a kamfanin auduga ya ƙi zaman kankara, Baba ya yi wata da watanni in ya gaishe shi sai dai ya ce "uhm." Amma kuma shi ne mutumin da ya yi min abin da ba zan manta ba. 'Yata ta biyu bakwaini na haife ta, 'yar mitsitsiya, jijiyoyinta duk a bayyane. Mata suna shigowa suna leƙawa suna fita suna ƙus-ƙus, ni kuwa na daina cin abinci. Baba ya ce a miƙo masa ita bakin ƙofa. Ya ɗora yatsa a cikinta a hankali, ya ɗaga, ya tsura ido. Ya ce da ƙarfi yadda duk gidan zai ji, "Tana komawa daidai. Wannan mai zama ce. A ba Amarya kunu." Na sha kunun. Sai bayan yarinyar ta fara tafiya Inna ta gaya min abin da ya ce mata a ɗaki ranar: "Ni me na sani a kan jarirai? So nake ta ci abinci."

Tari ne ya fara kama shi. Da farko na sanyi muka ɗauka. Maigidana ya kai shi lopital, wato asibiti, aka ba da ƙwayoyi, aka ce ƙirjin ya gaji. Hannunsa yana nan, idonsa yana nan, amma in ya kafa baki a bututu sai fatar ta ɗan motsa ta tsaya, shi kuma ya kife yana tari har hawaye. Wata rana ya ɗauko tukunyar daga zaure ya shigo da ita tsakar gida, ya ajiye a gaban Inna. Ta goge baki da gefen zane ta durƙusa ta hura masa.

Makaɗa suna da camfinsu, kuma Baba ya sani. Wai in numfashin mace ya taɓa tantani, kalangun ba zai kira kasuwa ba. Shi bai taɓa yarda da wannan ba, amma bai ga dalilin yin shela ba.

Waɗancan watannin, wallahi, ban taɓa ganin tsofaffin nan cikin nishaɗi kamarsu ba.

"A hankali, ke kuma! Ba wutar murhu ba ce."

"In ka iya, zo ka karɓa."

"Ƙara kaɗan. Tsaya. Tsaya nan, toshe!"

"Sai na shiɗe tukuna ka ji daɗi."

Ya ce ashe duk shekarun da ya yi yana hurawa da kansa bai taɓa ganin farkon tasowar fata ba, sai ta gama tashi yake juyowa ya duba. Yanzu da wani ke hurawa, yana ganin inda take fara ɗagawa da inda take jinkiri. Ya ce da bakinsa fatun wancan lokaci sun fi duk waɗanda ya taɓa fitarwa.

Sai dai lokacin ya faɗo cikin shekarun farin nan. Shanu suna saukowa daga wajen Mora ƙashi da fata, nama ba kitse, mutane kuma hatsi suke nema, wa ke ta nama? A yi ta kiɗa har rana ta take, tebur cike, ƙuda ne kawai masu ciniki. Ran mahauta a ɓace, kowa yana neman wanda zai ɗora wa.

Sarkin Kiɗan mahauta abokin Baba ne tun ƙuruciya, tare suka yi wasan ƙasa a unguwar nan. Kalangunsa ne ke gaba a kasuwa, sauran su bi. Ya saba in ya zo karɓar fata ya zauna a yi gwajin a gabansa, suna zolayar juna. Ran nan ya zo ya duba zaure ya ce, "Malam, ina tukunyar? Na daɗe ban gan ta ba." Baba ya shiga ya ɗauko ta da kansa, yana haki. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, zana ce kawai tsakaninmu.

Inna maciyar goro ce da fure. Bakin bututun ya rine ja wur, mu da muke ganinsa kullum idonmu ya saba.

Can Sarkin Kiɗa ya ce, "Malam, yaushe ka fara cin fure?"

"Ban fara ba."

"To bakin wa ke nan?"

Da Baba ya so, da ya ce jikoki ne suka yi wasa da shi. Ya ce, "Bakin matata ne. Wadda ka daɗe kana shan furarta kana lashe ludayi."

"Fura daban, kalangu daban."

"Iska ce fa, Sarki. Wadda ke ƙirjinta ita ce a naka, sai dai tata ba ta warin taba."

"La'ilaha illallahu! Shi ya sa! Muna ta duka kasuwa ta ƙi amsawa, ashe a gidanka aka kashe mana baki."

"Fari ne ya kashe muku baki. Ko hadarin ma matata ce ta hure shi ya tafi?"

Washegari suka zo su da yawa, makaɗa da manyan mahauta, har zaure bai ɗauke su ba. Aka ce Baba ya ci amana. Aka ce daga yau za a riƙa saro fata daga Domayo a Marwa, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, su riƙa kawowa. Wani ma cewa ya yi a sa shi ya yi rantsuwa tun yaushe aka fara. Baba ya bari suka gama, don ba shi da numfashin katse kowa. Sannan ya nuna kalangun da ke rataye a kafaɗar Sarkin Kiɗa.

"Tantanin kalangun da ke hammatarka yanzu, ita ta hura, ni na duba. Ban taɓa ganin fatar da ta tashi daidai ta koma daidai kamarta ba. Ka bar shi a kai. In bai ga damina biyu ba, ku ce matata ta lalata shi, ku ce ni maha'inci ne. Na yarda."

Sarkin Kiɗa ya ce, "Na bar shi. Allah ne shaida."

"In ya gani fa?"

"In ya gani, ni da kaina zan zo in durƙusa a ƙofar ɗakinta."

Daga ranar ba wanda ya ƙara sallama a zaurenmu don fata. Abinci bai yanke mana ba, albashin maigidana yana riƙe da gidan, kuma Baba bai taɓa buɗe baki ya ce ashe aikin auduga ya yi rana ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan fata guda da ke kasuwa. Sunansa da na matarsa duk suna kanta.

Kowace safiya in ya sha kunu sai a ja masa tabarma gindin katangar da ke fuskantar kasuwa. Kalangai su tashi. Ya karkata kai, ya lumshe ido. Na Marwa ba ya zaginsu, sai dai ya ce, "Ba laifi, amma mai kankarar yana sauri." Can sai na Sarkin Kiɗa ya shigo, da wata murya mai zurfi da ke ɗan rawa a ƙarshe. Baba ya ce, "Yana nan." Inna tana can tana tankaɗe kamar ba ruwanta, amma hannunta ba ya motsi sai ta ji kalmar nan.

Damina ta farko ta zo, ba wani ruwan kirki, ta wuce. Yana nan. Aka yi sallah, aka yi bukukuwa, aka yi ranar da Shugaban ƙasa ya zo Garwa aka jera 'yan lekol, yaran makaranta, a bakin titi, makaɗa suka wuni suna duka a rana. Yana nan. Baba har ya fara tsokanar Inna, wai ta tanadi sabuwar tabarma saboda gwiwoyin Sarki.

Sai bazara ta shigo, zafin Garwa irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Wata safiya kalangai suka tashi. Baba ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Aka yi kiɗan aka gama bai ce "Yana nan" ba. Sannan ya kira ni.

"Amarya, ke me kika ji?"

"Baba, wataƙila iska ce ta juya yau."

"Kada ki yi min haka."

Na ce, "Ba shi ba ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Inna ta ajiye rariya ta shige ɗaki.

Da maigidana ya dawo aiki ya ce bari ya je ya tambayo abin da ya faru. Baba ya ce, "Ka tambayo me? Fatar da ke da lafiya, wa zai cire ta? Fashewa ta yi. So kake in ji da bakinsu?" Ya zauna yana jiran su zo su yi masa dariya. Da sun zo ma da ya fi, ko faɗa ya yi ya huce. Ba wanda ya zo.

Faɗan ƙarshe da na ji tsakanin tsofaffin nan shi ne wannan, kuma sun yi ta maimaita shi har ya kwanta.

"Ni ce, Malam. Gaskiyarsu ce, bai kamata in taɓa ba."

"Ke iska kawai kika bayar. Ni na duba. Idona ne ya mutu ban sani ba."

"Da ban hura ba..."

"Na ce miki ba ke ba ce! Ko wannan ɗin ma sai kin ƙwace min?"

Inna ta daina cin fure. Shi kuma abin ya shiga cinsa ta wani wajen. Sai in ji yana magana shi kaɗai: "Wa ya sani tun yaushe nake ba mutane abin da ban gani ba?" Mutumin da ya yi rayuwarsa bai saki fata ba sai ya tabbata, ya koma yana tuhumar duk abin da hannunsa ya taɓa fitarwa. Abinci sai an yi da gaske. Da ya ji jikin ya yi nauyi, ya kira maigidana ya ce, "Je ka wajen Sarkin Kiɗa. Ka ce na ce gaskiyarsu ce, ya yafe min, ya kuma roƙar min sauran." Maigidana ya je, ya dawo ya ce, "Ya ce ya yafe." Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Ruwan farko na damina ta biyu ya sauka yana kwance, bai kai ga ruwa na uku ba.

Sarkin Kiɗa bai sami jana'iza ba, an ce yana wajen Kaele da yaransa suna kiɗan biki. Sai bayan an yi sadakar arba'in, jiragen ruwa har sun fara isowa tasha, ya yi sallama. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, na aika da fura. Ya yi addu'a mai tsawo. Ya sha furar. Sannan hira ta ɓalle masa, irin ta mutumin da ke son ya faɗi alherin mamaci.

"Kai, ɗana, ba za a sake yin mai hannun tsohonka ba. Ka san tantanin nan da muka yi gardama a kansa? Wallahi har yau ko tsaga babu."

Na ji maigidana ya ce, "Baffa, ba fashewa ya yi ba?"

"Ina! Ni na kwance shi da hannuna. Mutanen Sarkin Fawa ne suka matsa min, wai ko in cire ko a nemi wani makaɗi. To ina da iyali. Na ba jikokina suka ɗaura a gwangwani, kullum dukansa suke, a rana, a ruwa. Ya ƙi mutuwa!" Har da dariyarsa.

Maigidana ya ce, "Ranar da na zo neman yafiya fa, Baffa?"

"To me kake so in ce? Mutum yana gargara ya aiko neman gafara, sai in tsaya dogon bayani? Na yafe mana."

Ya gama furarsa. Ya ce a gaida Inna, Allah Ya ba ta haƙuri. Ya sa takalmansa ya tafi. Tsakanin gidansa da namu, ko tsohuwa mai sanda ba ta hutawa a hanya.

Na tsaya a tsakar gida ban san inda zan sa kaina ba. Na ce ko in bar ta da abin da ta sani, kada in tayar mata da ciwo. Sai na ga ai abin da aka yi wa Baba ke nan. Na shiga ɗakin da take takaba, na durƙusa, na faɗa mata duka, yadda na ji, ban rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe carbinta ba ta ja. Can ta ce, "Jiya an yi ruwa, ko?"

"An yi, Inna. Damina ta yi tsakiya."

"To ya ga biyun ke nan."

"Ya gani."

Ta dubi ƙofa, ta dube ni. Ta ce, "'Yar nan, wa zai gaya masa?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi. Ya Allah, Kai da ba a ɓoye maka komai, Ka sanar da bawanka abin da abokansa suka ƙi gaya masa. Amin.